Kurakuran da ke kashe muryar teno a opera, da yadda ake kauce musu

Opera wasan kwaikwayo ne na Turawa da ake rerawa da waƙa, teno kuwa shi ne namijin da muryarsa ke hawa sama, wanda galibi ake ba matsayin saurayi ko jarumi. Yana waƙa ba makirufo, ga makaɗa 70 ko fiye tsakaninsa da 'yan kallo, a zaure irin Metropolitan na New York mai cin mutum kusan 3,800. Duk wannan nauyi yana kan tantani biyu na maƙogwaro masu tsawon kusan santimita 2. Yawancin waɗanda muryarsu ta mutu da wuri suna da baiwa. Abin da suka rasa shi ne iya cewa a'a.

Babban kuskure shi ne karɓar matsayin da ya fi ƙarfin murya. Muryar teno iri-iri ce: akwai mai laushi da ta dace da wasannin da Rossini da Donizetti suka tsara, akwai mai kauri da wasan Otello, wanda Verdi ya tsara, da wasannin Wagner suke bukata. Da zarar matashi ya yi suna, sai gidajen wasa su yi masa caa da tayin manyan matsayi, kuɗi kuma ya fi tsoka a can. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Giuseppe Di Stefano, ɗan Sisili, yana da murya mai zaƙin da ba a cika samu ba, amma ya kutsa cikin matsayi masu nauyi, kuma a shekarun 1960 muryar ta soma dusashewa yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Alfredo Kraus, wanda ya fara a Alƙahira a 1956, ya tsaya kan 'yan matsayin da suka dace da shi, ya ƙi sauran, ya kai shekara 70 yana waƙa. Luciano Pavarotti ya fara a 1961, bai taɓa matsayi mai nauyi na Radames, jarumin wasan Aida, ba sai 1981.

Wani zai ce ai Placido Domingo ya rera Otello a Hamburg a 1975 yana ɗan shekara 34, kuma ba abin da ya same shi. Haka ne, amma muryarsa mai duhu ce tun asali, kuma ya riga ya goge da ɗaruruwan wasanni a Tel Aviv tun 1962. A ganina koyi da shi ya cuci matasa fiye da yadda ya amfane su. Gyara a nan shi ne mawaƙi ya gwada sabon matsayi a ƙaramin gida tukuna, ya rera shi dukansa, sannan ya saurari muryarsa washegari da safe. In ta dishe, ba nasa ba ne, ko kuma lokaci bai yi ba. Ya kuma tuna cewa kwangila a wannan sana'a shekaru kafin wasa ake sa mata hannu, don haka alkawari yake ɗauka da muryar da bai samu ba tukuna.

Kuskure na biyu yana cikin dabarar waƙar. Akwai wani mashigi wajen sautin F da G (da haruffa ake kiran matakan sauti a kiɗan Turawa) inda murya ke sauya sheƙa daga ƙirji zuwa sama. Sabon shiga yakan tura muryar ƙirji da ƙarfin tsiya, baki a wangale. Da farko tana da daɗin ji, shi ya sa ake ruɗuwa, kuma wannan ma yana cikin abin da masana suke zargin ya ci Di Stefano. Malamai suna koyar da a ɗan rufe wasali a wurin, "a" ta karkata zuwa "o", maƙogwaro ya zauna ƙasa, numfashi ya ɗauki nauyin. Jonas Kaufmann ya sha dishewa a farkon aikinsa a Saarbrucken ta Jamus, har sai da malami Michael Rhodes ya sa shi ya daina matse murya ya yi waƙa da tasa ta asali.

Sai zumuɗin sautin C na sama. Tun da Gilbert Duprez ya buga shi da cikakkiyar murya a Paris a 1837 jama'a suke jiransa, Pavarotti ma guda tara da ya jera a New York a 1972 ne suka ɗaga shi. Amma kusan duk waƙar dare guda a tsakiyar murya take. A gina tsakiya, sama za ta biyo.

Wani kuma tun farko aka yi kuskuren ajin muryarsa. Carlo Bergonzi ya fara a 1948 da muryar baritan, wadda ke ƙasa da teno, sai a 1951 ya koma inda ya dace. Wanda kullum yake gajiya a inda ya kamata ya ji sauƙi, ya nemi kunnen wani malami.

Rashin hutu ma yana yin nasa. Rolando Villazon na Meziko ya yi tashe a 2005, a 2007 ya dakata na watanni, a 2009 aka cire masa ƙululu daga tantanin murya. Masu sharhi da dama sun ɗora laifin kan yawan aiki. Enrico Caruso jini ya zubo masa ta baki a dandamali a Brooklyn a Disamban 1920, duk da haka ya sake fitowa har zuwa 24 ga watan, wasansa na ƙarshe ke nan. A bar kwana biyu tsakanin manyan wasanni, a soke wasa in maƙogwaro ya kumbura, a kuma daina cika ciki da tsakar dare a kwanta, don ruwan ciki mai tsami yakan hau ya ƙona tantanin.

Akwai kuma fushi da 'yan kallo. Na gidan opera na La Scala a Milan ba su da ta-ido. Sun yi wa Pavarotti ihu a 1992 da muryarsa ta karye, ya daure ya ƙarasa wasan. Roberto Alagna kuwa da aka yi masa a Disamban 2006 ficewa ya yi ana tsakiyar Aida, Antonello Palombi ya shigo da wandon jins ya ci gaba, gidan kuma bai bar Alagna ya dawo sauran wasannin ba.