Daga Zanen Yarinta Zuwa Sana'a: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Na fara zane tun ban iya rubuta sunana ba, a bayan littattafan makaranta da duk takardar da ta faɗo hannuna, kuma yau da wannan aikin nake rufa wa kaina asiri. A tsakanin wancan lokaci da yanzu na yi kurakurai da dama, na kuma ga matasan da nake koya wa aiki suna maimaita su, kuma akasarinsu daga tushe guda suke fitowa, wato ɗaukar cewa baiwar da aka yaba wa mutum yana yaro ita kaɗai za ta kai shi gaci.

Kuskuren da ya fi kowanne cin lokaci shi ne zana abin da ka sani maimakon abin da kake gani. Yaro yana da siffar da ya haddace ta ido da hanci da bishiya, kuma idan babu wanda ya ankarar da shi, da ita zai girma. Na daɗe ina sanya idanu can sama kusa da gashi, har ranar da malamina ya miƙo mini fensir ya ce, "Miƙe hannunka sosai, rufe ido ɗaya, ka auna daga haɓa zuwa ido, sannan daga ido zuwa tsakar ka." Da na auna sai na tarar tsawon biyun kusan ɗaya ne, ashe idanun babban mutum a tsakiyar kansa suke. Haka kuma tsayin jikinsa yakan kai kimanin tsawon kansa sau bakwai da rabi. Maganin wannan kuskure shi ne awo da kallo na tsanaki: ka ajiye kofi ko takalmi ko hannunka na hagu a gabanka, ka lura da inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta, ka fi daɗewa kana kallon abin fiye da kallon takarda. Idan ka gama, ka duba zanen a madubi, kamar yadda Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen Italiya, ya shawarci masu zane, domin karkatar da ido ya saba da ita takan fito fili da zarar an juya hoton.

Wannan matsalar ce ke sa da yawa su ajiye fensir. Viktor Lowenfeld, masanin koyar da zane da ya bayyana matakan zanen yara a 1947, ya nuna cewa tsakanin shekara 9 zuwa 12 yaro yakan fara son zanensa ya yi kama da zahiri. A nan ne yake gane hannunsa bai kai inda idonsa ya kai ba, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwa, alhali koyarwa ce ya rasa. Wanda ya daina a wannan mataki kuma yake ganin lokaci ya ƙure masa, ya tuna cewa Vincent van Gogh, shahararren mai zanen ƙasar Holland, sai da ya kai shekara 27, a 1880, sannan ya rungumi zane gadan-gadan, kuma a cikin shekara goma da suka rage masa ya bar ayyuka sama da 2,000.

Kwafar zanen wasu ba laifi ba ce wajen koyo, kuma almajiran manyan masu zane sun daɗe suna yin ta. Illar tana zuwa ne idan mutum ya tsaya a kanta, musamman kwafar zanen katun, domin yana ɗaukar taƙaitawar da wani ya yi ba tare da ya san ainihin jikin da aka taƙaita ba. A ganina, duk zane ɗaya da ka kwafa ya kamata ka bi shi da wasu da ka yi daga abu na zahiri. Batun kayan aiki kuwa bai cancanci damuwar da ake yi a kansa ba. Fensir HB da 2B da 6B, wato daga mai matsakaicin tauri zuwa mai laushi da baƙi sosai, da takarda sun ishi mai koyo tsawon lokaci, kuma idan ya koma kwamfuta akwai manhajoji na kyauta irin su Krita da Inkscape.

Sa'ad da zane ya fara kawo kuɗi, kurakuran sukan sauya kama. Aikina na farko da aka kai maɗaba'a bangon wani ɗan littafi ne, kuma shuɗin da ke walƙiya a fuskar kwamfutata ya fito a takarda ya dushe, rubutun ma gefensa ya yi dishi-dishi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin na kwana uku a kansa. Dalili shi ne kwamfuta tana haɗa launi da haske, ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, injin bugawa kuwa yana aiki da tawada huɗu na tsarin CMYK, waɗanda ba sa iya fitar da wasu launuka masu ƙyalli. Saboda haka ka tambayi maɗaba'a tsarin da take so tun kafin ka fara, ka shirya hoton da ɗigo 300 a kowane inci a daidai girman da za a buga shi, ka kuma nemi bugun gwaji. Tambarin kamfani kuma a zana shi da manhajar da ke aiki da layi, kamar Illustrator ko Inkscape, don a iya faɗaɗa shi daga katin hannu zuwa allon talla ba tare da ya fashe ba.

Akwai kuma masu cusa duk abin da suka taɓa zanawa cikin kundin da suke nuna wa masu ba da aiki. Ayyuka goma zuwa goma sha biyar da aka kammala, irin waɗanda kake son a riƙa ba ka, sun fi ɗari da ba a ƙarasa ba.

Abin da ya fi jawo wa sababbin shiga asara shi ne karɓar aiki da baki kawai, saboda kunya ko ɗokin samun abokin ciniki. Wanda ya saba a yaba masa kyauta tun yana ƙarami yakan ji nauyin yin maganar kuɗi, sai ya wayi gari yana gyara na takwas ba tare da ƙarin ko sisi ba. Ka rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, wadda ta fayyace abin da za a zana, da ranar miƙawa, da kuɗin aiki, da yawan gyaran da kuɗin ya ƙunsa, kuma ka karɓi kafin alƙalami. Ka sani cewa a ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Berne ta 1886, haƙƙin mallaka yana tabbata ga mai aiki ba tare da sai ya yi rajista ba, sai dai dokokin ƙasashe sun bambanta kan aikin da aka yi wa wani bisa biya ko a matsayin ma'aikaci. Don haka a rubuta ƙarara ko izinin amfani kawai ka bayar, da inda za a yi amfanin da tsawon lokacinsa, ko kuwa haƙƙin gaba ɗaya ka sayar, wanda kuɗinsa ya kamata ya fi na izini nesa ba kusa ba.