Yadda ake kaɗa jita irin ta Georges Brassens

An haifi mawaƙi Georges Brassens a garin Sète na kudancin Faransa a 1921, ya rasu a 1981. Tun daga 1952 da ya fara waƙa a gidan rawar mawaƙiya Patachou a Faris, kayan kiɗansa a dandali ba su wuce jita ɗaya da ƙatuwar bas (babban kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti) ta makaɗinsa Pierre Nicolas ba. Shi ya sa masu koyo ke ɗauka abin mai sauƙi ne, har sai sun gwada. Yawancin waƙoƙinsa a kan fiyano ya tsara su kafin ya mayar kan jita, don haka kod ɗin (haɗin sautukan da ake kaɗawa tare) suna sauyawa da sauri, da yawansu kuma sai an danne tsirkiyoyin duka da manuniya.

Ginshiƙin salon shi ne abin da Faransawa ke kira la pompe. Babban yatsan dama ya bugi tsirkiya mai kauri guda ɗaya, sannan yatsu uku na gabansa su fizgi siraran tsirkiyoyi uku a tare. Ana ƙirga tsirkiyoyin daga mafi siranta (ta 1) zuwa mafi kauri (ta 6). A fara da kod ɗin D: tsirkiya ta 4 a sake, fizga, tsirkiya ta 5 a sake, fizga. A kod ɗin Bm, manuniyar hagu na kwance a gaɓa ta 2 ta wuyan jita, babban yatsa yana kai-komo tsakanin ta 5 da ta 6. A F#7 kuwa ta 6 ce farko, sannan ta 5.

Inda aka fi lalata shi shi ne barin sautin ya yi ta amo. Da zarar an fizga, a sassauta hannun hagu ba tare da ɗaga yatsu daga tsirkiya ba, sautin ya yanke nan take. Wannan sassautawar kuma ita ke hutar da hannu. Wanda ya matse wuyan jita daga farko har ƙarshe, kafin baiti na uku tsintsiyar hannunsa ta gaji. A sa manhajar ƙidayar bugu a kan 60 a minti, kada a ƙara sai sauyi daga Bm zuwa F#7 ya daina tuntuɓe.

Gara a fara da "Chanson pour l'Auvergnat" ta 1954, mai bugu uku: bugun tsirkiya mai kauri ɗaya, fizga biyu. "Les Copains d'abord" ta 1964 tana da sauri, a bar ta sai hannu ya faɗa.

Kada a haɗa murya da jita tun ranar farko. A karanta baitocin da ƙarfi tukuna, a yi alama a wuraren jan numfashi, domin kalmominsa a cunkushe suke. Harafin e na ƙarshen kalma, wanda ake haɗiyewa a magana, sau da yawa yana da nasa bugun a waƙar, sai dai inda rubutun ya sa alamar yankewa ('). Wanda ya tsallake shi zai riga jitar ƙarasa layi. Idan waƙar ta yi wa murya ƙasa, a ɗaura kafo (abin matse wuyan jita da ke ɗaga sauti) a gaɓa ta 1 ko ta 2.