Yadda na gyara abincin jatan landena

Wata biyu jatan landen da nake kiwo a tankin siminti a Samaru suka ƙi girma. Da safe sai in tsinci ɗaya an cinye shi, saura kai. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ashe laifina ne. Abincin tarwada mai yawo a saman ruwa nake zuba musu da rana, alhali su a ƙasa suke kiwo, kuma da dare. Yunwa ce ke sa su afka wa wanda ya yi saɓa, jikinsa na da laushi.

Sai na haɗa nawa. Na sayo waken soya a kasuwar Sabon Gari, na soya shi don ɗanyensa ba ya narkewa da kyau a ciki, na niƙa da busasshen kifi, ƙuliƙuli da dusar masara. Haɗin farko watsewa ya yi, ruwan ya yi wari. Da na dama garin rogo da ruwan zafi na kwaɓa da shi, na shanya, sai ƙwayoyin suka nitse ba su watse ba.

Yanzu bayan magariba nake zubawa, na kuma jefa musu guntayen bututu don ɓuya. Sati uku ke nan ɓawon saɓa kawai nake kwashewa, babu gawa.