Jan layin mai a motar da aka canza wa inji

Idan aka kawo mini mota garejina nan Katsina tana warin fetur, tambayata ta farko ita ce: wane aiki aka yi mata kwanan nan? Galibi za ka ji an sauke mata inji an ɗora na Beljiyam, ko an mayar da ita daga kafireto zuwa injekta. Oga ya ƙarar da basirarsa a kan injin, layin mai kuwa an bar wa yaro ya ɗaure da waya. To ga yadda nake yin nawa.

Kafin ka kwance komai, zare fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta, sannan ka cire kan batir na nagetif. Idan a rami kake aiki, ka sani tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan ramin yake taruwa. Mai walda ya dakata tukuna, mai sigari ya yi nisa.

Sai tiyo. Wani direban Golf da ke jigilar Daura ya taɓa ce mini, "Haba Oga, ai tiyo tiyo ne." Na ce masa, "Alhaji, juyo shi ka karanta jikinsa." Kafireto yana aiki da matsi kaɗan, 4 zuwa 7 a ma'aunin matsi da ake kira psi. Injekta kuwa sau da yawa yana neman sama da psi 40. Tiyon da aka rubuta wa SAE 30R7 na ƙaramin matsi ne, na injekta shi ne 30R9, wanda zai zauna tsundum cikin tanki tare da famfo kuma 30R10. Ka sa na waje a cikin tanki, bayansa zai kumbura ya saɓule, domin cikinsa kaɗai aka yi don jure fetur. Tiyon da babu rubutu a jikinsa ba na karɓa ko kyauta ne, balle farin nan na janareto.

Doguwar tafiya daga tanki zuwa gaba aikin fayif ɗin ƙarfe ne, tiyo sai wajen haɗi. Wasu suna ɗauko fayif ɗin jan ƙarfe na masu gyaran firji saboda yana lanƙwasuwa da hannu. Girgizar mota tana sa shi ya taurare, wata rana ya tsage a gindin noti. Bakin fayif kuma dole a yi masa ɗan ƙulli, yadda kilif zai kama a bayansa. A kan fayif sumul, matsin injekta yana iya tunkuɗo tiyo waje. Kilif ɗin ma ka nemi mai santsin ciki, wanda ake matsewa da noti. Mai tsaga-tsagar nan yana cin roba.

Hanyar da layin zai bi ita ce gundarin aikin. Shiga ƙarƙashi da tocila ka nemi inda kamfani ya bi da nasa. Tsofaffin ramukan maɗaurai suna nan ko da an cire layin. Bi su gwargwadon iko. Inda sabon inji ya tilasta maka kaucewa, ka bi ta gefen shasi na ciki, sama da leɓensa na ƙasa, yadda idan mota ta daki tudun rage gudu ko dutse a burjin ƙauyukan Mani da Mashi, shasi ne zai sha dukan. Ka tuna da mai faci ma. Yaronsa duk inda ya ga ƙarfe nan zai kafa jak, don haka kada layi ya ratsa wajen ɗaga mota.

Salansa a dama, mai a hagu, in da hali. In dole sai sun kusanci juna, a bar aƙalla taƙi guda, a sa farantin alminiyam a tsakani, da sarari ta kowane gefe don iska ta wuce. Batun ya wuce gobara kaɗai. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, fetur yana tafasa cikin layin da ya raɓi salansa, famfo ya riƙa jan tururi, mota ta shaƙe a tsakiyar titin Ƙofar Ƙaura. Direbobin da kake gani suna tsiyaya ruwan leda a kan famfo, sau da yawa ciwon ke nan.

Ɗauri kuma kowane santimita 30 zuwa 40, da maɗauri mai roba a ciki, a ɗaure shi da noti a jikin bodi. In babu a kasuwa, yanko siririn ƙarfe ka naɗe shi a kan guntun tsohon tiyo da ka tsaga. Robar tif ba ta daɗewa, zafi da mai suna ruɓar da ita. Kada ka goya layin mai a kan fayif ɗin birki ko damin wayoyin wuta. Duk inda zai ratsa huda a ƙarfe, a sa zoben roba. Abin da ke huda layi a hankali shi ne guga: duba tsohon fayif, za ka tarar da wani ɗan wuri ya yi sheƙi kamar an bi shi da sanfefa, gefensa ƙura ta jiƙe ta yi baƙi. Nan yake taɓa ƙarfe, kuma nan zai fashe.

Tsakanin bodi da inji kuwa kishiyar haka ake so. Inji yana rawa a kan kujerunsa, don haka a bar tiyo da ɗan lanƙwasa, kada ya miƙe tsam, kada kuma ya yi lilo har ya kai ga fanbel ko sandar sitiyari. Kibiyar jikin filta ta kalli inji. Famfon lantarki na waje a kafa shi kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, domin ya fi iya turawa a kan zuƙa.

Jarka a but da tiyo ta ƙarƙashin kafet, wannan ba na yi, ko nawa za a biya. Waɗanda suka mayar da motocinsu masu amfani da gas tun cire tallafin mai a 2023, su ma su riƙa leƙa tiyon fetur ɗinsu, yana tsufa ko ba a aiki da shi.

In ka gama, mayar da fiyus da batir, ka murɗa makulli zuwa wuta sau uku ba tare da tayarwa ba, don famfo ya cika layi. Bi kowane haɗi da farar takarda, ɗigo ɗaya zai nuna. Sannan ka tayar, yaro ya taka totur kana kallon yadda tiyo ke motsi, abin kashe gobara yana kusa da hannunka. Bayan mako guda mai motar ya dawo a sake matse kilif-kilif, domin sabuwar roba tana kwantawa in ta sha zafi.