Yadda Za Ka Haɗa Kayan Ɗaukar Murya a Ɗakinka

Kafin ka sayi komai, duba kwamfutarka ka ga irin kafar USB da take da ita. Bayan ita, abu uku ne dole: akwatin sauti mai haɗa makirufo da kwamfuta, irin su Focusrite Scarlett, da makirufo, da abin saurare mai rufe kunne ruf. Lasifika za ta iya jira.

1. Sauke direban akwatin, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, daga shafin kamfanin kafin ka jona shi. A Windows, zaɓi ASIO, nau'in direban sauti mai rage jinkiri, cikin manhajar ɗaukar sautinka, misali Reaper.

2. Jona makirufo da wayar XLR, mai fil uku ɗin nan, maɓallin ƙarfin shiga yana ƙasa gaba ɗaya. In makirufon kwandensa ne, wato irin wanda ke buƙatar wuta daga akwatin, sai ka gama jonawa tukuna ka danna maɓallin 48V mai ba shi wutar.

3. A nan mutane suka fi kwafsawa. Tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirufo, ka rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, kana murɗa maɓallin ƙarfin shiga a hankali har mizanin ƙarfin sauti na manhajar ya riƙa taɓa -12 dB. Fitilar akwatin ta yi ja? Mayar da maɓallin baya. Muryar da ta fashe wajen ɗauka da wuya ta gyaru sarai, komai gwanintar mai tacewa.

4. Saita ingancin ɗauka a 24 bit da 48 kHz. In kana jin muryarka tana makara a kunne, rage bafa (buffer, yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi) zuwa 128.

Ɗakin kuwa, tafa hannu sau ɗaya. In ka ji amsa-kuwwa, rataya bargo mai kauri a bayanka, ka kashe fanka, sannan ka danna ɗauka.