Yadda za ka fara hawan keke idan zuciya ta yi nauyi

Bayan an share makoki, 'yan gaisuwa sun watse, gida ya yi tsit, a nan tunani yake fara cin mutum. Keke yana rage wannan nauyin.

Tun da yamma ka duba keken. Matsa taya da yatsa, in ta yi laushi kai wa mai faci ya ba ta iska. Gwada birki, ka ɗiga wa sarƙa ɗan baƙin mai.

Da an idar da sallar asuba sai ka fita, kafin 'yan acaɓa su cika titi. In a Zariya kake, kada ka bi ta mahaɗar Kwangila, manyan motocin nan ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Nufi Wusasa, wajen Dutsen Kufena.

Ranar farko minti 15 ya isa. Taka a hankali, yadda za ka iya amsa sallama ba tare da haki ba. In hawaye ya zo, tsaya a gindin bishiya ka bar shi ya zuba, ba abin kunya ba ne.

Kullum ƙara kaɗan har ka kai minti 30, kwana biyar a mako. Minti 150 ke nan, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ga baligi. Da hunturu ka rufe hanci saboda ƙura.

In makonni sun wuce barci ya ƙi zuwa, abinci ma ya fita ranka, je ka ga likita.