Yadda na rage wa kwamfutata cin wuta

Ina aiki da laftop mai ƙwaƙwalwar Intel, wato processor, ɓangaren da ke yin lissafi, mai kawuna huɗu (cores) da ke raba aiki a tsakaninsu, Linux ke kanta. A watan Afrilu, idan aka ɗauke wuta da tsakar rana, fankarta sai ta dinga kuka kamar injin markaɗe, batir kuma ya yi ta zubewa. Abin da ya taimake ni shi ne rage mata gudu, ba sayen sabon batir ba.

Dalilin a lissafi yake. Wutar da ƙwaƙwalwar ke sha tana tashi daidai da saurin bugunta, wato gudunta, amma wajen ƙarfin lantarki, wato voltej, ninki take yi, voltej sau voltej. Kuma idan gudu ya sauka, ita da kanta take sauke voltej. Ka rage kowanne da kashi 20 cikin 100, sai ka samu 0.8 sau 0.8 sau 0.8, wato kusan 0.51. Rabin wutar ke nan, alhali gudun da ka rasa kashi ɗaya ne cikin biyar. Dabarar ba sabuwa ba ce, Intel na kiranta SpeedStep, AMD kuma Cool'n'Quiet.

Fara da duba halin da kake ciki. Buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta cpupower frequency-info, za ta nuna maka direba, wato manhajar da ke sarrafa ƙwaƙwalwar, da tsarin da ke jan ragamar gudu. Idan intel_pstate ne, galibi zaɓi biyu kawai za ka gani, performance da powersave. Ɗauki na biyun: sudo cpupower frequency-set -g powersave. Kar sunan ya ruɗe ka, a wannan direban ba ya daskarar da gudu a ƙasa, yana hawa idan aiki ya taso. A kan direban acpi-cpufreq kuwa powersave ƙasa yake ajiye ka ɗungurungum, can gara schedutil, wanda ya shigo Linux a 2016.

Inda na fi ganin bambanci shi ne kashe Turbo Boost, tsarin da ke ƙara wa ƙwaƙwalwa gudu idan aiki ya yi nauyi. Wancan ɗan ƙarin gudun na can sama shi ya fi tsada, domin da voltej mafi girma ake sayensa. Sa lamba 1 a cikin fayil ɗin /sys/devices/system/cpu/intel_pstate/no_turbo, ka saurari fanka. Mai Windows ya shiga saitin wuta ya mayar da iyakar gudun ƙwaƙwalwa 99 maimakon 100, a laftop da yawa hakan ma yana kashe shi.

Na taɓa yin wani kuskure: na rage wa kawuna uku gudu na bar ɗaya a sake, ina ganin na yi wayo. Ashe a irin wannan ƙwaƙwalwar duk kawunan layin voltej ɗaya suke sha, wanda ya fi gudu shi ke yanke wa sauran. Don haka ka sa iyaka a kan dukkansu lokaci guda, misali sudo cpupower frequency-set -u 2GHz.

Kar kuma ka matse ta fiye da kima. Allo da sauran kayan ciki suna shan wuta muddin aikin bai ƙare ba, saboda haka aikin da ya ja dogon lokaci zai iya cinye abin da ka tara. Ni idan zan haɗa bidiyo nakan ɗage iyakar, ta gama da wuri ta huta. Ka girka powertop, manhajar auna cin wuta, ka cire caja, ka rubuta wat nawa take sha kafin canji da bayansa, a kan aiki iri ɗaya. Kuma saitin nan yana gogewa idan ka sake kunna ta, sai ka sa shi cikin TLP, manhajar tattalin batir ta Linux, ya riƙa dawowa da kansa.